Magatakardan Zamani: Masu Gyaran Waya Da Amanar Jama'a A Ƙasar Yawuri



Wannan bayani ne a kan wata sana'a wadda kakanni ba su san ta ba, amma yau da wuya a sami gari a ƙasar Yawuri inda babu mai yinta. Ita ce sana'ar samarin nan masu rumfuna da shaguna a bakin kasuwa, waɗanda ke gyaran wayar hannu, da yi mata caji, da cika wa mutane takardu a kwamfuta, da ba da kuɗi ta na'urar nan da a ke kira POS. Wanda ya shiga kasuwar Yelwa, ko ya gangara Wara a ƙasar Ngaski, ko ya haura Shanga, lalle zai tarad da su, jama'a sun kewaye su, kowa riƙe da tasa wayar yana jiran a zo kansa. Dalilin kawo maganarsu kuwa shi ne, asirin mutane da dukiyarsu sun koma bi ta hannun samarin nan, ga shi kuma yawancin masu kai musu aiki ba su san iyakar abin da su ke miƙawa ba.

YADDA ABIN YA FARO

A zamanin da, idan mutum yana da saƙo zuwa ga ɗan'uwansa a Sakkwato ko Kwantagora, sai ya tafi zauren malami. Malam ya ɗauko tawada da alƙalami, ya rubuta masa wasiƙa da ajami, a naɗe, a ba wani fatake ko mai jirgi ya tafi da ita. In amsa ta zo, wurin malamin nan za a koma ya karanta. Sabo da haka malamin ya san wanda a ke bi bashi, ya san wanda aurensa ke rawa, ya san wanda ya sami gādo. Ba a kuwa taɓa jin maganar a bakinsa, gama tun yana ƙarami a gaban allo aka koya masa nauyin amana.

Da Turawa suka zo, suka ja wayar ƙarfe bisa turaku daga gari zuwa gari don aika saƙo. Daga nan ne aka sami sunan gidan waya, kuma sunan nan ne ya bi abin da mutane ke sawa a aljihu yau, ko da ya ke shi ba shi da igiya ko ɗaya. A watan Agusta na 2001 kamfanonin wayar hannu suka fara aiki a Nijeriya. Da farko abin masu kuɗi ne a manyan birane. Sannu a hankali layi ya yi araha, aka kakkafa dogayen ƙarafan nan masu jawo magana, har abin ya kai ga masunci a cikin kwale-kwale da mai noman albasa a fadama.

Ƙasar nan kuwa ta daɗe da sanin yadda aikin zamani ke juya zaman mutane. An fara ginin madatsar Kainji a kan Kogin Kwara a 1964, aka gama a 1968. Ruwa ya taru ya zama tabki, ya cinye gungunan da Gungawa ke zaune a kai suna noman albasa tun iyaye da kakanni, ya cinye tsohuwar Busa. Mutane fiye da 40,000 aka tayar aka gina musu sababbin matsugunai. Ƙanen wanda ku ke gida ɗaya jiya ya koma wancan ƙetare, surukai suka yi nisa, sai jirgi ke sada zumunci. Don haka da waya ta zo, mutanen bakin ruwa sun fi kowa murna da ita. Sai dai ga abin mamaki: ruwan ƙasarsu ne ke juya injunan da ke ba manyan birane wutar lantarki, amma ƙauyuka da yawa na bakin tabkin ba su da ita, inda ta kai kuwa tana zuwa tana ɗaukewa. Wannan ne asalin rumfar mai caji, mai janareta ko faifan sola, wanda kan jera wayoyin rabin gari a kan teburi ɗaya.

ABIN DA YA SA BA MAKAWA SAI AN JE WURINSU

Da a ce magana kaɗai a ke yi da waya, da abin ya zo da sauƙi. Amma hukuma da bankuna sun ɗora mata kaya. A watan Fabrairu na 2014 aka fito da lambar banki mai suna BVN, mai alƙaluma 11, wadda ke haɗa duk asusun mutum wuri ɗaya. A watan Disamba na 2020 gwamnati ta ba da umurni kowa ya haɗa layinsa da lambarsa ta ɗan ƙasa, watau NIN, ita ma mai alƙaluma 11. A watan Afrilu na 2022 aka hana waɗanda ba su haɗa ba yin kira, a 2024 kuma aka rurrufe layukan da suka saura. Hukumar JAMB, mai jarrabawar shiga manyan makarantu, ta maida jarrabawarta duka ta kwamfuta tun 2015, daga 2021 kuma ba ta yi wa ɗalibi rajista sai da NIN. Sa'an nan aka sake fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000 a ƙarshen 2022, kuɗin hannu suka yi wuyar gani a farkon 2023, har mai kifi da mai albasa suka koma karɓar ciniki ta waya, suna so ba sa so.

To, duk waɗannan abubuwa da Turanci su ke zuwa, da baƙaƙen boko. Ga dattijo ya sauke Alƙur'ani, ya karanci littattafan fiƙihu, yana rubuta ajami kamar zanen ɗab'i, yana karanta adadin da ke jikin takardar naira 1,000 da ajaminta, amma in banki ya aiko masa da saƙon layi biyu, tilas ya nemi yaron da bai kai jikansa ba ya karanta masa. Ga mace a cikin kulle, mijinta ya tafi su, ɗanta ya turo mata kuɗin cefane daga Ikko, sai ta aiki yaro da wayar da lambar sirrin gaba ɗaya. Ta haka mai shagon waya ya gāji kujerar malamin wasiƙa. Bambancinsu shi ne, malamin ya ga takarda ɗaya ce rak, wadda aka kawo masa. Shi kuwa wannan, in an miƙa masa waya a buɗe, an miƙa masa hotunan iyali, da maganganun sirri, da sunayen abokan ciniki, da ƙofar asusu.

HUKUNCIN MAI SANA'A

Malaman Malikiyya ba su bar wannan babi a rufe ba, ko da ya ke ba su ga waya ba. Sun rarrabe tsakanin wanda aka ba ajiya da wanda aka ba aiki. Mai ajiya amintacce ne, in abin ya salwanta ba da sakacinsa ba, babu ramuwa a kansa. Amma mai sana'a wanda ya kafa kansa don jama'a, kamar tela da marini da maƙeri, in ya karɓi kaya ya yi aikinsu a bayan idon mai su, suka lalace ko suka ɓace, shi zai biya, sai fa in shaidu sun tabbatar ba laifinsa. Wannan hukunci yana cikin Risala ta Ibn Abi Zaidin Alƙairawani, wadda almajirai ke karantawa a zauruka har yau. Hikimarsa ita ce, mutane ba su da makawa sai sun kai kayansu ga masu sana'a, in an bar masu sana'a ba lamuni, dukiyar jama'a za ta tozarta. Mai gyaran waya ya duba ya gani ko akwai abin da ya raba shi da tela a wannan wuri.

Haka kuma aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani, wadda ke ƙarshe-ƙarshen Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, kuma ta ɗora wa marubuci yin adalci tsakanin mutane. Wanda ke cika wa jahili takarda a kwamfuta marubuci ne. In ya sauya harafi a sunan mutum don gaggawa, ko ya ƙago masa ranar haihuwa da ka, sai sunan da ke NIN ya saɓa da na banki, bawan Allah ya yi ta zirga-zirga tsakanin Yelwa da Birnin Kebbi yana kashe kuɗin mota kafin a gyara. Suratul Hujurati kuma ta hana binciken asirin mutane. Wanda aka kawo masa waya don sauya gilashi, ya shiga duba hotunan matan mutane, ya keta wannan hani. Wanda ya sa batir na jabu ya karɓi kuɗin na asali ya yi algus. A wajen dokar ƙasa ma ba a bar shi ba, gama akwai dokar laifuffukan intanet ta 2015, da dokar kare bayanan mutane wadda aka sa wa hannu a watan Yuni na 2023.

Gaskiya kuwa ita ce, da yawa daga cikin samarin nan mutanen kirki ne, suna neman halali. Su kan karanta wa tsoho saƙo ba su karɓi ko kwabo ba, su kan tare mutum a lokacin da ya ke shirin faɗawa ramin mazambata. Nasihohin da ke tafe ma irin waɗanda na kirkin cikinsu ke maimaita wa mutane ne kullum, har bakinsu ya gaji.

TSARE ASUSU

Abu na farko shi ne lambar sirri. Ba ma'aikacin banki na gaskiya da zai kira mutum ya tambaye shi lambar sirrin katinsa, ko alƙaluman da ke jikin katin, ko lambar nan da a ke turowa ta saƙo don tabbatar da ciniki. Mazambaci ya kan kira da murya mai daɗi, da Hausa tsantsa, ya ce, "Baba, daga banki ne, za a rufe asusunka yau in ba a gyara BVN ɗinka ba, karanto mini abin da ya shigo yanzu." Wani lokaci ma ya faɗi cikakken sunan mutum don ya yarda. Maganinsa a kashe wayar, a tafi banki da ƙafa. Haka wanda ya ce an ci wata kyauta, ko sunan mutum ya fito cikin tallafin manoma, sai dai a turo kuɗin fom. Wanda bai shiga gasa ba, ina ya ci kyauta?

Kada a sa lambar sirri ta zama shekarar haihuwa, ko 1234, ko ƙarshen lambar waya. Kada a rubuta ta a jikin kati ko a cikin kwalinsa. A wurin mai POS, mai kati ya danna da hannunsa, ya kāre da ɗaya hannun, ya dubi adadin da aka rubuta kafin ya danna, ya karɓi rasit. Alƙaluman lissafi goma ne kacal, wanda ya haddace izu 60 ba za su gagare shi ba cikin yini ɗaya. Mai gidan da matarsa ke da asusu ya zauna ya koya mata, ya fi a riƙa aiken yara da sirrinta.

Abu na biyu shi ne layin kansa. Mutane da yawa ba su san ɓarawon waya ba wayar ce babbar buƙatarsa ba, ɗan guntun sim ɗin da ke ciki ya ke nema, gama da shi a ke shiga asusu. Kowane sim ana iya kulle shi da lamba, yadda in an cire shi an sa a wata waya ba zai yi aiki ba sai an buga lambar. Mai gyara zai nuna yadda a ke yi, amma mai layi ne zai zaɓi lambar ya danna da kansa. In an yi kuskure sau 3 sim ya kan kulle, sai da wata lamba mai suna PUK da ke jikin katin da aka ɓallo sim ɗin daga ciki, sabo da haka a adana katin nan tare da takardun gona. Bankuna kuma suna da lambobin da mutum zai danna ta wayar wani ya toshe asusunsa nan take in an sace tasa. Kowa ya tambayi ta bankinsa tun yau, ya rubuta, kada a bari sai ranar kuka.

A sani kuma, layin da aka yi watanni da yawa ba a yi amfani da shi ba, kamfani ya kan karɓe ya sayar wa wani. In da shi aka buɗe asusu, saƙon banki wurin baƙon nan zai riƙa zuwa. Wanda ya bar layi ya je banki ya sauya lamba. Kada a sayi layin da aka riga aka yi wa rajista da sunan wani, kada kuma mutum ya ba da NIN ɗinsa a yi wa wani rajista, ko da ɗan ɗakinsu ne, domin in an yi ɓarna da layin, mai sunan za a nema. Ɗalibi mai rajistar JAMB ya yi da layinsa na kansa, ya riƙe shi da kyau, gama hukumar da wannan lambar ta san shi. Ɗalibin da ya bari aka yi masa da layin mai shago ya ɗaura wa kansa igiya.

Abu na uku ya shafi masu sayarwa. Mai kwandunan banda ko buhunan albasa, in mai saye ya ce ya turo kuɗi ya nuna hoton shaida a wayarsa, wannan hoto ba kuɗi ba ne. Akwai masu ƙirƙirar saƙon banki na ƙarya. Kada kaya su hau mota sai mai su ya duba asusunsa ya ga adadin ya ƙaru. Wanda kamfanin waya ke cire wa kuɗi ba dalili ya kira 300, lambar sauraron koke ta kamfanonin duka, ana kuma iya zaɓen Hausa. In ba a share masa hawaye ba ya kira 622, ta hukumar sadarwa ta NCC, kyauta ne. Wanda saƙonnin talla suka dame shi ya rubuta STOP ya tura zuwa 2442.

TSARE WAYAR KANTA

Mutanen bakin ruwa sun fi kowa asarar waya ta hanyar jiƙewa. In waya ta faɗa ruwa, a kashe ta nan da nan, a cire sim da memori, da batir in mai fita ne. Kada a gwada kunna ta don a ga ko tana aiki, kada a sa ta caji, domin wuta da ruwa in sun haɗu a cikinta su ne ke ƙone ta. A goge ta, a ajiye a inuwa inda iska ke kaɗawa, a kai wa mai gyara da wuri ya buɗe ya share, tun tsatsa ba ta kama ba. Kada a ɗora ta a kan murhun banda ko kusa da garwashi, gama batirin waya ba ya shiri da zafi, yana iya kumbura har ya kama da wuta. Tura ta cikin shinkafa da a ke yi ba shi da wani amfani, kamfanin Apple ma ya gargaɗi masu wayoyinsa a kan haka. Rigakafi ya fi magani: akwai 'yar jakar roba mai rufewa ruf da igiyar ratayawa a wuya, kuɗinta bai kai na gyara ɗaya ba.

Batirin da ya kumbura har ya ɗaga murfi, a sauya shi, kada a danne da ƙyauro a ci gaba. Kada a bar waya a rana a bisa jirgi, ko a ƙarƙashin matashi tana caji. Caja mai arha ƙwarai ta kan jawo asara mai tsada. Wanda zai bar wayarsa a rumfar caji ya kulle ta, ya karɓi alamar lamba. Wanda zai bar ta wurin gyara ya cire sim da memori ya tafi da abinsa, a rubuta masa abin da za a gyara da kuɗin da aka yi, in kuma aikin na ɗan lokaci ne ya zauna a yi a gabansa.

Kowace waya tana da lambarta ta haihuwa mai alƙaluma 15, ana kiranta IMEI. In an danna *#06# za ta fito. A rubuta ta a ajiye tare da rasit, da ita 'yan sanda ke bin sawun wayar sata. Don haka ne ma sayen waya ta hannu ba rasit ba shaidu ya ke da hatsari, mutum na zaune lafiya a zo a kama shi da kayan sata. Lambobin 'yan'uwa da abokan ciniki kuwa a kwafe su a littafi da ajami, ko da an adana su a intanet. Wayoyi da yawa suna da baƙaƙen Larabci, wasu ma ana iya juya su zuwa Hausa. Mai karanta wannan fili ya ce a sa masa, sai ya riƙa adana sunaye da rubutun da ya sani, ya daina neman mai duba masa wanda ya kira.

LABARI DA JITA-JITA

Ran Laraba 26 ga watan Mayu 2021, wani jirgi da ya taso daga Jihar Neja ɗauke da mutane fiye da 150 ya tsage a ruwa a kan hanyarsa ta zuwa Wara, kaɗan ne suka tsira. Ba a gama zaman makoki ba, ran Alhamis 17 ga watan Yuni, 'yan bindiga suka shiga Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yawuri suka kwashi ɗalibai da malamai, na ƙarshen 'yan matan ba su dawo gida ba sai a 2023. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya kiyaye na gaba. A irin waɗannan ranaku, uwa ba ta da abin riƙewa sai waya. Ta ita a ke kiran Sarkawa su fito da jiragensu ceto, ta ita a ke sanin wanda ya tsira. Sabo da haka kyautuwa ya yi kowane direban jirgi ya tashi da waya mai caji a cikin jakar roba, da lambar sarkin ruwa da ta wani a mashayar da zai sauka, ya kuma faɗi lokacin tashinsa da yawan mutanen da ya ɗauka. Waya dai ba ta hana jirgi nutsewa. Abin da ke hanawa shi ne rage lodi, da barin tafiyar dare, da kiyaye kututturan itatuwan da ruwa ya rufe, kuma rigar ruwa ce ke riƙe wanda ya faɗa har a iso gare shi.

Ta hanyar nan da labarin gaskiya ke bi, ta nan na ƙarya ke bi, ya ma fi gudu. Wani ya ɗauko tsohon hoto na wata ƙasa ya ce yanzu abin ke faruwa a ƙauye kaza, wani ya yi murya a WhatsApp ya ce ga su nan tafe, kasuwa ta watse, mai ciki ta faɗi. Surar nan ta Hujurati ta yi umurni a bincika labari kafin a yi aiki da shi. Wanda ya tura abin da bai tabbatar ba yana da kaso cikin abin da ya biyo baya. A tambayi mai unguwa ko dagaci, ko a kira wani sananne a garin da a ke magana. Haka in saƙo ya zo da sunan aboki yana neman rance cikin gaggawa, a kira shi a ji muryarsa, domin ana sace WhatsApp ɗin mutum ta hanyar yaudararsa ya faɗi alƙaluma 6 da aka turo masa. Akwai makulli na biyu a cikin WhatsApp mai hana wannan, mai gyara zai nuna wurinsa.

HAKKIN GARI A KANSU, DA HAKKINSU A KAN GARI

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Masu wannan sana'a a kowace kasuwa su haɗa kansu su yi shugaba, kamar yadda mahauta ke da sarkin fawa, masunta ke da sarkin ruwa, domin wanda aka cuta ya san inda zai kai ƙara, kuma ɓata-gari ɗaya kada ya shafa wa sauran baƙin jini. Su ajiye littafi na rubuta duk wayar da aka kawo sayarwa da sunan wanda ya kawo. Yaron da su ke koya wa aiki, su fara koya masa kame ido da baki kafin su ba shi abin kwance noti. Ranar kasuwar ƙauyukan bakin ruwa, in sun fita neman ciniki, su keɓe ɗan lokaci su koya wa mutane kulle sim da duba asusu. Mai tsoron kada ciniki ya ragu in mutane sun waye, ya tuna wanda aka koya wa abu ɗaya kyauta ba ya kai gyaransa wani wuri.

Limamai da malaman zaure su ba su dama bayan sallar La'asar ko ranar Alhamis da ba karatu, su yi wa jama'a bayani da Hausa, inda ake buƙata kuma da harshen Gungawa ko na Kambari. Makarantun Islamiyya na matan aure su nemi mace wadda ta iya ta koya musu. Ƙasar da sarkinta, Mai Martaba Dokta Muhammad Zayyanu Abdullahi, ya shugabanci Jami'ar Bayero ta Kano kafin ya hau gadon sarauta a 1999, bai kamata a ce neman ilmin abin da ke aljihun kowa ya zama abin kunya a cikinta ba. Matambayi ba ya ɓata.

Jama'a kuma su biya mai gyara hakkinsa ba ja-in-ja, kada a ce ai danne-danne kawai ya yi, gama shekaru ya yi yana koyo, kuma da kuɗi ya ke sayen mai da kayan aiki. Wanda aka jarraba aka same shi da amana a riƙe shi, a faɗa wa wasu. Wanda aka kama da ha'inci a yi masa nasiha a asirce, in ya ƙi ji a kai shi gaba.

Allah ya sa albarka cikin sana'ar masu neman halali, ya tsare wa talakawa ɗan abin da suka tara da gumi, ya kiyaye matafiya a ruwa da tudu, ya zaunar da ƙasar Yawuri da Nijeriya lafiya, amin.